Injin tatsar nono na Spectra S1 a jakar likita mai goyo

Spectra S1 injin tatsar nono ne ƙirar Koriya ta Kudu, kuma da shi nake aiki tun da na koma asibiti bayan haihuwar ɗiyata ta biyu. Ƙannena a wurin aiki, masu ciki da masu jego, suna yawan tambayata ko ya cancanci kuɗinsa, don ba shi da araha, farashinsa kuma dala yake bi. Ga wadda take kwana a asibiti, ya cancanta. Wadda take tashi da azahar ta koma gida kuwa, ƙaramin na hannu ya ishe ta, ta adana kuɗinta.

Lokacin da na haihu, hutun haihuwa a aikin gwamnatin tarayya mako 16 ne, wani ɓangarensa ma kafin haihuwa ake cinye shi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce a ba jariri nono zalla har wata 6, ko ruwa kada a haɗa masa. Legas ta mai da hutun ma'aikatanta wata 6 a 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019, amma mu da ke asibitocin koyarwa na tarayya abin bai shafe mu ba. Ke nan yarinya tana wata uku da 'yan kwanaki za ki bar ta, ki shiga kol, wato aikin kwana a asibiti, na awa 24. Ni a sashen yara nake. Kullum bakina ne ke gaya wa iyaye mata su daure da nono zalla, kuma ban iya jure tunanin tawa 'yar ta rasa abin da nake nema wa 'ya'yan wasu ba.

Babban dalilin sayen wannan samfurin shi ne batir. Iri biyu ne masu kama da juna: S1 shuɗi, mai batir a ciki, da S2 ruwan hoda, wanda sai an jona shi da wuta. 'Yar'uwa, shuɗin za ki saya. Idan ya cika caji yana yin kusan awa 3, wato ya fitar da ke kol guda ba ki nemi soket ba. Duk wadda ta san ɗakin kwanan likitoci ta san ba a dogara da NEPA, janareta kuma tiyata da ɗakin jarirai ake fara ba wa, kuma haka ya kamata.

Ba shi da ƙara, ina tatsa abokiyar kol ɗina tana barci a gadon da ke gefe. Yana da 'yar fitila da agogon ƙidayar mintuna, kuma yana kashe kansa bayan minti 30, abin da ya yi mini rana sau da dama da barci ya sace ni a zaune. Ana farawa da saurin tsotso mai sauƙi har nono ya sauko, sannan a koma mai zurfi. Ƙarfinsa yana kaiwa mataki 12, amma kada ki ɗauka na ƙarshen ya fi kawo nono. Inda ba ki jin zafi nan za ki tsaya. Akwai kuma wata roba da ke hana nono komawa cikin tiyo, don haka tiyon ba ya buƙatar wanki. Mazurarin da ake ɗorawa a kan nono, waɗanda aka fi haɗo shi da su, masu faɗin milimita 24 da 28 ne, mata da yawa kuma ƙarami suke buƙata. Ki auna kan nononki kafin ki fara, don mazurarin da bai dace ba shi ke kawo tsagewa da ƙarancin abin da ake samu. Nauyinsa ya ɗan haura kilo guda, jikinsa kamar ƙaramar tukunya, saboda haka jaka ta daban yake so.

Ajiya ita ce inda garinmu ke da nasa hukuncin. Ƙa'idar da muka karanta ta ce nonon da aka tatsa yana yin awa 4 a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba, kwana 4 a firji, awa 24 a kula mai ƙanƙara. A Kano cikin Afrilu zafi yana haura 40, don haka ni ba na lissafi da awa huɗun nan sam. Kula da ƙanƙara nake zuwa da su, maigidana ya biyo bayan isha'i ya karɓa. Da farko Hajiya, mahaifiyarsa, ba ta saki jiki ba. Ta ce mini, "'Yata, nonon da ya kwana a sanyi ba zai ɓata mata ciki ba?" Na zauna na nuna mata yadda ake tsoma kwalbar a ruwan ɗumi ba tare da tafasawa ba, da yadda ake bayarwa da ƙaramin kofi. Yanzu ita ke duba kwanan watan da na rubuta a jikin kowace kwalba. Allah ya saka mata da alheri, don ba domin ita ba injin da bai amfane ni da komai ba.

Akwai abin da injin ba ya iya samar miki. Kowace tatsa tana son minti 20 da ɗaki mai ƙofar da ke rufuwa, bayan kowace awa uku ko huɗu. Dokar ƙwadago ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana, amma idan aka kira ki kan yaron da ke jijjiga, ba za ki tsaya karanto doka ba. Akwai daren da na wuce lokaci har nono ya yi tauri, zazzaɓi ya rufe ni. Bayan nan na zauna na zaɓi abin da zan sauke. Na bar aikin yamma da nake yi a wani asibitin kuɗi, duk da gidan ya ji a aljihu. Jarrabawar ƙwarewa kuma, da ake yi sau biyu a shekara, na ɗage tawa zuwa zama na gaba. Tsararrakina sun wuce ni da wata shida, ya yi mini ciwo, amma har yau ina ganin daidai na yi. Wata za ta zaɓi jarrabawar ta haɗa wa ɗanta da madarar gwangwani, kuma ba ni da bakin zarginta, don na san nauyin da ta ɗauko.

Idan kin yanke shawarar saye, ki haɗo da ƙarin 'yan robobin da ke ƙarƙashin mazurari, masu kama da bakin agwagwa, tun daga farko. Su ke fara saki, tsotso ya ragu, kuma na gaske suna da wuyar samu a kasuwa. Tun cikin yana wata bakwai ki je wurin shugaban sashenku, ki nemi ɗakin da za ki riƙa tatsa, ki kuma shirya musayar kol da abokan aiki na watannin farko bayan dawowarki.