Wace lambar yabo za ka bi kafin ka sayi wasan tebur?

Yawancin wasannin tebur na zamani da ake shigowa da su daga Turai da Amurka suna zuwa da tambari a kusurwar kwali, alamar cewa wasan ya ci wata lambar yabo. Mai saye ya ga tambarin sai hankalinsa ya kwanta, ya biya kuɗin wasa da na dako, kwali ya iso, a buɗe shi sau ɗaya a mayar saman kabad. Galibi laifin ba na wasan ba ne. Kowace lamba tana da mutanen da ke zaɓe da kuma irin 'yan wasan da suke zaɓar wa, kuma idan waɗannan ba su yi kama da mutanen da za su zauna a teburinka ba, tambarin bai gaya maka komai ba.

Wadda ta fi kowace nauyi a kasuwa ita ce Spiel des Jahres ta Jamus, wato gwarzon wasan shekara. An fara ba da ita a 1979, kuma Hase und Igel ne ya fara ci. Alƙalanta masu sharhin wasanni ne daga Jamus da Ostiriya da Suwizalan, kuma ba a ɗaukar wanda yake aiki da kamfanin ƙera wasa ko sayar da shi. A watan Mayu suke fitar da wasanni uku da suka kai zagayen ƙarshe tare da jerin wasu da suke ba da shawarar a gwada, sannan a bayyana gwarzo a lokacin bazararsu. Ba a ba wanda ya ci ko sisi. Kamfanin da ke son buga tambarin a kwalinsa shi ne ma yake biyan kuɗin lasisi, da shi ƙungiyar ke gudanar da ayyukanta. Wasu na ganin wannan abin zargi ne, amma kuɗin yana zuwa ne bayan an gama zaɓe, kuma duk wanda ya ci zai biya, don haka ba ya karkata alƙalai zuwa ga wani kamfani.

Abin da alƙalan ke nema shi ne wasan da iyali za su buɗe, su karanta ƙa'ida, su fara bugawa ba tare da wani gwani ya koya musu ba. Suna duba tsarin wasan, da yadda aka rubuta littafin ƙa'ida, da ingancin kayan ciki. Shi ya sa jerin gwarzayensu ya ƙunshi Catan a 1995, Carcassonne a 2001, Ticket to Ride a 2004, Kingdomino a 2017 da Azul a 2018. Ga gidan da ludo da dara kaɗai aka saba, a ganinmu babu tambarin da ya kai wannan amfani. Kingdomino minti 15 ne zuwa 20, mutum biyu zuwa huɗu. Azul bai cika wuce minti 45 ba.

Sai dai a kula da launi, domin tambarin iri uku ne. Ja shi ne na iyali. Shuɗi na yara ne, Kinderspiel des Jahres, wanda ya zama lamba mai zaman kanta a 2001. Mai ruwan toka mai duhu shi ne Kennerspiel des Jahres, da aka ƙirƙiro a 2011 don waɗanda suka ɗan goge, kuma 7 Wonders ne ya fara ci. Wingspan na Elizabeth Hargrave ya ci wannan a 2019, kuma mutane da yawa sun saye shi saboda kyawun zanen tsuntsaye, suka tarar da kati 170 kusan kowanne da nasa rubutun umarni. Wasa ne mai kyau ƙwarai, amma ba shi za a fara koya wa baƙo ba. A duba kuma ko an rubuta nominiert a jikin tambarin, domin wannan yana nufin wasan ya kai ukun ƙarshe ne kawai. Ba aibu ba ne, sau da yawa ma na biyun ya fi dacewa da wani teburin, amma ya kamata mutum ya san abin da yake biya.

Wanda ya riga ya ƙware, yake son wasan awa biyu mai cin ƙwaƙwalwa, jan tambari zai sa shi ya yi asarar kuɗi. Gara ya koma ga Deutscher Spiele Preis, wadda aka fara a 1990, ake miƙa ta lokacin baje kolin wasanni na birnin Essen a watan Oktoba. A nan 'yan wasa ne da kansu ke kaɗa ƙuri'a, kuma masu ɗaukar wahalar yin zaɓen galibi riƙaƙƙu ne, shi ya sa take karkata ga wasanni masu nauyi. Shekara biyu sun isa su nuna bambancin. A 2002 alƙalan Spiel des Jahres sun ba Villa Paletti, wasan jera ginshiƙan katako, jama'a kuma suka zaɓi Puerto Rico. A 2017 Terraforming Mars ya kai ukun ƙarshe na tambarin toka bai ci ba, amma ya lashe ƙuri'ar jama'a. Idan ɓangarorin biyu suka haɗu a kan wasa ɗaya, kamar yadda aka yi da Azul a 2018, to wannan shaida ce mai ƙarfi.

Golden Geek, wadda mambobin shafin intanet na BoardGameGeek ke zaɓe tun 2006, ita ma ta jama'a ce, kuma tana da raunin duk wani zaɓen jama'a: wasan da aka fi talla, aka fi saye, shi yake samun ƙuri'a, kuma wanda ya kashe kuɗi mai yawa a kan wasa ba ya saurin cewa bai yi daɗi ba. Amfaninta yana cikin rukunoninta, domin akwai na mutum biyu, na mutum ɗaya, na taron jama'a, da na haɗin gwiwa. Gwarzayenta na shekara kuwa sai an yi hattara. Gloomhaven, gwarzon 2017, kwalinsa ya kusa kilo 10, kuma yana buƙatar rukunin mutane guda su riƙa haɗuwa wata da watanni. Kuɗin dakonsa kaɗai abin lissafi ne.

As d'Or ta Faransa, da ake bayarwa a bikin wasanni na birnin Cannes a watan Fabrairu, tana da alƙalai da rukunoni daga na yara har na ƙwararru. Ga masu saye a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram tana da wata fa'ida ta daban, wato wasan da ya ci ta akwai shi da Faransanci. Mensa Select ta Amurka kuma kamfanoni ne ke tura wasanninsu, mambobin ƙungiyar Mensa su buga su cikin ƙarshen mako guda su zaɓa. Wasan da ba a tura ba bai shiga gasa ba, kuma kwana biyu ko uku ba sa nuna ko wasa zai gundure bayan bugu goma. A ɗauke ta a matsayin ƙarin shaida kawai. Qwirkle ya same ta a 2007, sai 2011 ya ci Spiel des Jahres, saboda alƙalan Jamus ba sa duba wasa sai ya fito da Jamusanci.

Akwai abubuwan da babu wata lamba da ke auna wa mai saye daga nan, kuma a nan aka fi yin asara.

Na farko harshe. Codenames, gwarzon 2016, da Just One na 2019, kalmomi ne zalla a kan kati. Idan rabin mutanen tebur ba su saki jiki da harshen bugun da ka saya ba, wasan ya mutu. Qwirkle mai 'ya'ya 108 na katako, da Azul, da Kingdomino ba su da rubutu a jikin kayansu, mutum ɗaya ya fahimci ƙa'ida ya bayyana da Hausa shi ke nan. Ko bugun Jamusanci ka samu da araha zai yi aiki.

Sai yawan mutane. Sky Team, gwarzon 2024, na mutum biyu ne tak, matuƙin jirgin sama da mataimakinsa. Gidan da ake taruwa mutum shida ko bakwai bayan isha'i ya fi buƙatar irin Just One mai ɗaukar uku zuwa bakwai.

Abin da ya fi ba mutane haushi shi ne wasan da ke ƙarewa. Exit, wanda ya ci tambarin toka a 2017, sau ɗaya ake buga kowane kwali, domin ana yanka kayansa, a ninke, a yi rubutu a kai. MicroMacro: Crime City na 2021 yana da shari'o'i 16 a kan babbar taswira, kuma da zarar an warware su babu abin da ya rage sai a ba wani. A Jamus, inda kwalin Exit ba shi da tsada kuma ana samunsa a kantin unguwa, wannan ba damuwa ba ce. Ga wanda ya jira makonni kafin kaya su iso, damuwa ce babba.

Jigon wasa ma alƙalan Turai da idon Turai suke kallonsa. Camel Up na 2014 cin fare ne a kan tseren raƙuma da kuɗin wasa, Broom Service na 2015 kuma mayu ne masu raba magunguna a kan tsintsiya, MicroMacro cike yake da kisan kai. Wani gidan ba zai damu ba, wani ba zai bari a shigo da shi ba. Minti biyar na kallon bidiyon yadda ake buga wasan ya isa ka gane.

Tambari kuma ba shaidar cewa kwalin na asali ba ne. Masu yin jabu wasannin da suka yi suna suke bi, irin su Catan da Ticket to Ride da Azul, su buga kwalin da tambarinsa duka. Ana gane su da farashin da ya faɗi ƙasa sosai, da launi mai dusashewa, da kati mai laushi da ke lanƙwashewa. Littafin ƙa'ida yakan jera kayan ciki da adadinsu tun a shafin farko, don haka ranar da kwali ya iso a zube su a ƙirga tun ba a yar da rasit ba: Azul 'ya'ya 100 ne, 20 na kowane launi cikin biyar, Kingdomino kuma guda 48.