Manhajar dalar Giza: waje ya burge ni, ciki ya ɓata min rai

Manhajar nan ta dalar Giza ta Masar da ake ta yi wa talla ga masu tabarau na kwamfuta (wanda in ka ɗaura sai ka ga kamar kana wurin), na saya, na yi amfani da ita. Biyan kuɗinta da katinmu na gida ya ba ni wahala. Sai da na roƙi wani abokina mazaunin waje ya biya min, na tura masa nairarsa, saukar da ita kuma ta lashe min data ba kaɗan ba. Na haƙura da duk wannan saboda ni magini ne, kuma tun da na taka Giza lokacin da muka kai mahaifina aikin gwiwa a Alkahira, abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne sanin yadda ginin nan yake ranar da aka sauke masa hannu.

Wanda ya je ya san abin da ake tararwa: tulin duwatsu masu launin ƙasa, hawa-hawa, kan a gutsure. Daga nan manhajar ta fara, da siffar wurin ta yau wadda aka auna da leza aka haɗa da hotuna. Sai muryar ta ce in miƙa hannu in ja zamani baya. Ina ja, farin dutse ya fara rufe dalar sarki Khufu, babbar dalar Giza, tun daga tushe har sama, sumul, babu matakala ko ɗaya, rana ta doke shi yana ɗaukar ido. Tsayin ya tashi daga kusan mita 138 na yanzu ya koma mita 146 na asali. Wallahi sai da na dafa bangon ɗakina.

A gindin ginin na fi daɗewa. Manhajar tana barin ka ka durƙusa ka kai fuskarka kan mahaɗar dutse biyu, ka ga layin siriri kamar zare. Ba ƙari suka yi ba a nan. Baturen Ingila Flinders Petrie, wanda ya auna wurin tsakanin 1880 da 1882, ya tarar da tazarar mahaɗar waɗannan duwatsu ba ta wuce kusan rabin milimita ba, kuma akwai kwaɓi a cikinta. Duk wanda ya taɓa jan igiya ya ɗora bulo ya san abin da wannan ke nufi a ginin da kowane gefensa ya kai mita 230, shekara 4,500 da suka wuce, babu ƙarfen kirki sai tagulla. Ragowar wannan lulluɓi yana nan a ƙwanƙolin dalar sarki Khafre ta kusa. Na Khufu kuwa girgizar ƙasar 1303 ta sassauta shi, aka riƙa kwasa ana gine-gine a Alkahira.

Sai kuma wajen tashar jiragen ruwa. Sun nuna ambaliyar Nilu ta kawo ruwa kusa da tudun, jirage suna shigowa da farin dutsen daga mahaƙar Tura da ke hayin kogi. A gefe suka ajiye wani ɗan allo, in ka taɓa ya gaya maka hujjarsu: takardun wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, waɗanda tawagar Pierre Tallet ta tono a 2013 a Wadi al-Jarf, bakin Bahar Maliya, inda ya rubuta zirga-zirgar da shi da mutanensa suke yi da dutse daga Tura zuwa Giza. Unguwar ma'aikata ma an nuna ta da gidajen gashin burodi, kamar yadda haƙar masanin kayan tarihi Mark Lehner ta tabbatar, ba bayi ake zabga wa bulala ba. A daren nan na ba su tauraro biyar, na cika abokaina da yabo, har mutum biyu suka ce za su saya.

Da na nufi ƙofar shiga ciki, sai ga kwaɗo a kanta. Wai kashi na biyu ne, sai an sake biya. Babu inda tallarsu ta faɗi haka, hasali ma hoton cikin dalar ne a gaban tallar. Raina ya sosu, amma na sake neman abokin nan, kuma ba don kaina ba. Ranar da muka je Giza, Baba a cikin mota ya zauna da sandarsa, ni kaɗai na shiga. Da na fito ya tambaye ni abin da ke ciki, na ce masa babu komai sai ɗaki da akwatin dutse. Na san abin ya tsaya masa a rai.

Ga yadda cikin yake ga wanda bai shiga ba. Masu ziyara ba ta ƙofar asali suke bi ba, ta wani rami ne da ake danganta haƙarsa ga Halifa Ma'amun a ƙarni na 9. Daga nan ka duƙa ka hau wata hanya da tsayinta bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba, gumi na zuba, har ka ɓulla babban zaure mai tsawon mita 47 da tsayi sama da mita 8, bangonsa na matsowa ciki layi bayan layi. A ƙarshe ɗakin sarki, na jan dutse mai tauri da aka ɗauko daga Aswan, fiye da kilomita 800 kudu. Bango fayau, ba zane, ba rubutu. Akwatin gawa guda, babu murfi, kusurwarsa ɗaya a karye, cikinsa wayam.

Na zaunar da Baba a kujera, na ɗaura masa tabarau, ina kallon abin da yake gani ta wayata. Zauren sun yi shi daidai, ban ga aibu ba. Ya ɗaga kai yana ta "ikon Allah, ikon Allah", hannunsa na lalube a iska. Daɗi ya rufe ni. Muna shiga ɗakin sarki sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Bango shafe da shuɗi da rawaya, rubutu layi-layi tun daga ƙasa har rufi, akwatunan zinariya jibge, fitilu na ci, ga gawa a naɗe da abin rufe fuska na gwal. Baba ya yi shiru, can ya ce, "Yanzu duk wannan ka gani, ka fito ka ce min ba komai? Ashe rowar labari ka yi min."

Na ce, "Allah ya huci zuciyarka Baba, wallahi ba haka yake ba. Abin da na faɗa maka shi ne gaskiya." Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "To su ina suka samo?" Tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya, ya ga abu da idonsa, ni kuma ina tsaye ina rantsuwa. Kuɗina na biya aka mayar da ni maƙaryaci a gaban mahaifina.

Kuma na san inda suka samo. Rubutu a bangon cikin dala ya fara ne da dalar sarki Unas a Saƙƙara, kusan shekara 200 bayan Khufu. Tarin zinariyar da abin rufe fuskar kuwa kwaikwayon kabarin sarki Tutankhamun ne da Howard Carter ya buɗe a 1922 can wajen Luksor, wanda ke tsakaninsa da Khufu fiye da shekara 1,200. Gawar Khufu ba a taɓa samun ta ba. Sun kwaso kayan zamani uku sun zuba a ɗaki ɗaya, kuma ɗan allon hujjar nan da ya burge ni a bakin ruwa babu shi a nan. Ke nan sun san bambancin abin da aka auna da abin da aka ƙirƙira, ganin dama ne ba su yi ba.

Wannan ya sa na koma kashi na farko da wani ido. Hular zinariyar da suka ɗora a ƙolin dalar, ba a taɓa samun dutsen ƙolin ba balle a san me aka lulluɓe shi da shi. Gangara ɗaya miƙaƙƙiya da suka nuna ana jan duwatsu a kanta, masana har yau ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, wasu na cewa mai zagayawa ce, wasu mai karkacewa. Ba na ƙin hasashe, duk mai gyaran tsohon gini yana cike gurbi. Amma a gaya wa mutum. Da sun sa maɓalli ɗaya da zai rina abin da aka ƙiyasta da wani launi, da ban buɗe baki ba. Abin haushi, sabon abu na gaske yana nan sun bar shi: babban kogon da aka gano a saman zauren a 2017, mai tsawon aƙalla mita 30, da 'yar hanyar mita 9 da aka leƙa da kyamara a 2023 ta fuskar arewa. Ko ambatonsu babu.

Ga jiri a wajen hawan ƙaramar hanyar, domin manhajar ce ke jan ka, ba kai kake tafiya ba. Baba sai da ya kwanta bayan mun gama. Sannan babu Larabci. Manhaja a kan Masar, akwai Turanci da Faransanci da wasu harsunan Turai, amma babu harshen da Baba zai iya karantawa da kansa, sai ni nake fassara masa.

Na rage taurarina zuwa biyu, kuma duka biyun na farin dutsen nan ne da tashar ruwa. Mutanen da na zuga na kira su na ce in za su saya su tsaya a kashi na farko, kada su biya na cikin. Na rubuta wa masu ita na jera musu duk abin da ke sama, na nemi kuɗin kashi na biyu. Amsar na'ura ce ta dawo min, wai sun gode da ra'ayina. Kuɗin dai har yau ina bin su.