Fassara ko gyaran kodin: ta wace ƙofa za ka shiga?

Ƙanena, ka ce kana aji biyu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, kana son sa hannu a buɗaɗɗiyar manhaja, irin wadda kowa ke iya duba cikinta ya gyara, amma ka rasa na zaɓa tsakanin fassara ta zuwa Hausa da gyaran kodin, wato rubutun umarnin da ke tafiyar da manhajar. Duka biyun gudummawa ce, sai dai ba abu ɗaya suke koya wa mutum ba.

Fassara ba ta buƙatar kaya da yawa. Wayarka ta isa. Ka buɗe asusu a translatewiki.net, inda ake fassara MediaWiki, manhajar da Wikipedia ke tafiya a kanta, ko a Weblate da manhajar ofis ta LibreOffice ke amfani da shi, ko Pontoon na Mozilla, masu burauzar Firefox. Jimla-jimla ake ba ka, ko a cikin motar Daura kake za ka iya gama goma. Amma kada sauƙin ya ruɗe ka. Za ka tarar da alama irin $1 a tsakiyar jimla. Nan ne manhaja ke saka suna ko adadi, idan ka goge ta saƙon ya fita a gurgunce. Haka ƙ da ɗ da ɓ, sai ka saita madannin wayarka, don kada rabin manhajar ya fito da lanƙwasa rabi babu. Babbar matsalar ita ce masu duba Hausa kaɗan ne. Fassararka na iya daɗewa ba wanda ya tanka, ko ta wuce da kuskurenta ba wanda ya gani.

Kodin kuwa akasin haka ne, masu duba aiki sun ma fi ka zafi. Sai da kwamfuta, da data mai ɗan kauri, da cajin da zai riƙe ka idan an ɗauke wuta, domin kafin ka taɓa layi ɗaya sai ka sauke aikin ka tayar da shi a na'urarka, kuma nan ne mutane da yawa ke sarewa. Dole ka iya Git, manhajar da ke adana tarihin duk gyaran da aka yi wa kodin, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005 saboda aikin Linux, buɗaɗɗiyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. A GitHub, shafin da ake ajiye irin waɗannan ayyuka, kana kwafar aikin zuwa asusunka, ka yi gyara a wani reshe, ka tura buƙatar a haɗe shi da uwar aikin. Daga nan na'ura ta gwada shi, sannan mai kula da aikin ya karanta layi bayan layi. Zai iya dawo maka da shi saboda sunan da ka ba abu, ko don ba ka rubuta gwaji ba. Kamar yaron tela ne da maigidansa ke sa ya farke ɗinki ya sake: da ciwo, amma a nan hannu ke faɗawa. Ka fara karanta takardar CONTRIBUTING mai bayanin ƙa'idojin ba da gudummawa, ka nemi matsalolin da aka yi wa alamar "good first issue", wato waɗanda suka dace da sabon shiga. Kada ka fara da Linux kanta. Masu kula da ita ta imel suke karɓar gyara, da ƙa'idoji masu tsauri.

Batun kuɗi, tunda na san yana ranka. Google Summer of Code, shirin Google mai biyan sabbin shiga su yi aiki a buɗaɗɗiyar manhaja, da aka fara a 2005, kodin ne ginshiƙinsa. Outreachy, wani shirin makamancinsa, na biyan dala 7,000 kan horon wata uku daga gida, kuma sai ka yi gudummawa a aikin da kake nema kafin a zaɓe ka. Fassara ba kasafai take kai mutum can ba.

Ni dai, tunda ilimin kwamfuta kake karantawa, kodin zan tura ka. Idan ba ka da kwamfuta tukuna, ka riƙe fassarar a waya, ka rinƙa aron ta abokinka ranar Asabar kana koyon Git.