Batirin dankali ko matatar ruwa?

Ga ɗalibin sakandare a Jos da zai shiga baje kolin kimiyya na makaranta, waɗannan biyun ne suka fi sauƙin haɗawa.

Batirin dankali ya fi jan ido, ga dankalin turawa kuma jibge a kasuwar Farin Gada. Ana soka ƙusa mai rufin tutiya da guntun wayar tagulla a jikin kowane dankali. Ƙarfin lantarkin dankali ɗaya ba ya kai volt 1, sai an jona uku ko huɗu a jere kafin ɗan ƙwan LED ja ya kama. Nan alƙalai ke ritsa yara, don da yawa sun ɗauka wutar a cikin dankalin take, alhali daga ƙarafan biyu take fitowa, ruwan dankalin hanya ce kawai.

Matatar ruwa kuwa, gorar roba ce da aka jera wa tsakuwa, yashi da gawayi. Ba ta da armashi a tebur, amma ni ita zan zaɓa. Babba ya ɗebo ruwan kududdufin tsohuwar haƙar kuza, yaro ya riƙa sauya kaurin yashi, yana auna lokacin tacewa yana rubutawa. Sai dai a manna gargaɗi: ko ruwan ya fito garau, ƙwayoyin cuta na nan, kada kowa ya sha.