Sharhi kan Corolla 2014 da inshora ta taɓa biyan diyyarta

Motar da nake magana a kai Toyota Corolla ce ƙirar 2014, mai injin lita 1.8, tokumbo, wadda ta fito daga gwanjon Copart a Amurka bayan ta sha bugu a gaba ta ɓangaren dama. Na yi amfani da ita a cikin garin Kaduna da kan hanyar Zariya da ta Abuja, kuma ra'ayina shi ne irin wannan mota tana sayuwa, da sharaɗin ka ga hotunanta na ranar gwanjo kafin fanel bita ya taɓa ta. In babu hotunan, ka haƙura da ita komai ƙyallin fentinta.

Dalili kuwa, kamfanin inshora a can yakan yanke cewa mota ta tashi daga aiki ne idan kuɗin gyara ya kusa kamo darajarta, a jihohi da dama kashi 75 cikin 100. Ladan bakanike a Amurka yana da tsada sosai, shi ya sa tsohuwar mota kan faɗa wannan sahu saboda bamba da fitila da bonet kawai. Wata kuma shasinta ne ya lanƙwashe. Duka biyun takarda iri ɗaya ake ba su, mai ɗauke da kalmar Salvage, wato motar da inshora ta yanke ta tashi daga aiki, duka biyun kuma za ka same su a jere a wurin masu sayar da motoci, an wanke an goge.

Fara da lambar shasi. Haruffa da lambobi 17 ne, tana ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, tana kuma jikin ginshiƙin ƙofar direba. Su zo ɗaya da juna, su zo ɗaya da ta takardun kwastan. Sai ka sa ta a Google, domin sau da yawa hotunan gwanjon Copart ko IAA, wani kamfanin gwanjon, suna fitowa. Ka ƙara da rahoton tarihin mota na kamfanin Carfax ko AutoCheck, ka biya da kanka, kada ka karɓi wanda dillali ya turo maka ta WhatsApp, don gyara irin wannan takarda ba wuya. A rahoton ka duba inda bugun ya faɗa, ko jakar iska ta fashe, da tafiyar da mita ta nuna ranar gwanjo. Idan can an rubuta mil 140,000 amma yau mita na nuna 85,000, an murɗa ta.

Daga nan sai duba jiki, da rana tsaka, tare da bakanikenka, ba na mai mota ba. A buɗe bonet a kalli ƙusoshin da suka riƙe shi da fuka-fukan gaba: fentin kansu yakan kankare in sufana ta taɓa su. A bi ƙarafan shasi biyu da suka miƙe gefen inji da tocila, ana neman alamar walda, tabon wuta ko fenti sabo a wuri guda. Fentin kamfani kaurinsa bai cika wuce maikiron 100 zuwa 180 ba (maikiron dubu ne milimita ɗaya). In na'urar aunawa ta haura 300, an sake feshi, in ta yi sama sosai akwai bodifila a ƙasa. Wanda ba shi da na'ura ya naɗe ƙaramin maganaɗisu a ƙyalle ya bi ƙofofi da shi, inda ya ƙi kamawa an cike.

Jakar iska ce abin da ya fi damuna, domin a nan ake wasa da rai. Da ka murɗa makulli, fitilar jakar iska, wato SRS, ta kama, ta yi kamar daƙiƙa shida, ta mutu ita kaɗai. In ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta ko an rufe shi. In ta mutu daidai lokacin da fitilar man inji ta mutu bayan mota ta tashi, akwai yiwuwar ɗan riwaya ya haɗa wayoyinsu. Wasu kuma ɗan ƙaramin rizisto suke sawa a gurbin jakar, ƙwaƙwalwar mota ta ɗauka komai lafiya, alhali cikin sitiyari wayam. Saboda haka kwamfuta kaɗai ba ta isa ba. A duba murfin sitiyari da na gaban fasinja ko an manne su da gam, a ja bel ɗin kujera a ga yana komawa, don wanda ya yi aiki lokacin haɗari yakan ƙage ko ya saki.

Wadda ruwa ya ci kuwa, ban ba kowa shawarar saye ba ko da rabin kuɗi. Bayan guguwar Harvey ta 2017 a Houston da ta Ian ta 2022 a Florida, motoci masu yawa sun shiga gwanjo. Tsatsa a layin da kujera ke zamewa, laka busasshiya a ramin safaya taya, koren ƙura a bakin soket ƙarƙashin kafet, duk shaida ne. Irin wannan tana tafiya lafiya da rani, damina na sauka wayoyi su fara rikici ɗaya bayan ɗaya.

Ita wannan Corolla, inji da giya ba su ba ni matsala ba, da yake bugun bai kai gare su ba. Man inji 0W-20 kusan lita 4.2 take sha a kowane juyi, ba ta ragewa. Matsalolin duk a gefen da aka gyara suke. Kwandensar AC da aka sa mata tana yoyon gas a hankali, sai da aka sauya. Fitilar dama ba ta asali ba ce, tana tara raɓa a ciki da damina, haskenta kuma bai kai na hagu ba. Tayar gaba ta dama ta riƙa cinyewa ta ciki, alaimen bai magance ba, har sai da wani bakanike a Kurmin Mashi ya gano ƙafar ƙasa ta ɗan lanƙwashe aka canza ta. Wanda zai gwada irin wannan mota ya hau baifas ya kai gudun kilomita 100 a awa, ya sassauta riƙon sitiyari ya ga ko tana ja gefe.

Game da wadda aka yi amfani da ita a nan gida, NIID, wato rumbun bayanan inshora na Najeriya, ingancin takardar inshora take tabbatarwa, ba tarihin haɗari ba, don haka ka nemi mai ita ya nuna rasitan gyara da takardar biyan diyya. Inshorar dole ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023. In cikakkiya za ka yi, ka faɗa wa kamfanin tarihin motar a rubuce, kada su fake da ɓoyewar su ƙi biya ranar da ka zo nema.

A ciniki, ni dai ba na ganin ribarta in ragin bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin mai tsabtar takarda ba. Ka ware wani abu na gyaran da zai ɓullo, ka kuma tuna mai saye daga hannunka shi ma zai sa lambar shasin nan a wayarsa, ya zaftare maka daidai abin da ka zaftare.