Rufe Maki Ko Ba Da Damar Gyara: Wanne Ya Fi Amfanar Ɗalibi?

Malama, tambayarki ita ce ko ya dace ki amince wa ɗalibanki na aji ɗaya na babbar sakandare su sake rubuta insha'in da kika riga kika duba, domin makinsu ya ƙaru, alhali wasu abokan aikinki na ganin hakan tauye haƙƙin waɗanda suka yi daidai tun farko ne. Hanyoyi biyu ne a gabanki. Ta farko ita ce wadda aka saba da ita, wato a duba aiki sau ɗaya, a rubuta maki da jan biro, a shigar da shi takardar sakamako, a wuce darasi na gaba. Ta biyu ita ce a mayar wa ɗalibi aikinsa tare da nuna masa inda ya kauce, ya gyara ya dawo da shi, sannan a tsayar da maki. Ni dai ina bayan ta biyu, amma ba a kowane irin aiki ba, kuma da sharuɗɗa.

Bambancinsu na farko yana cikin abin da makin yake faɗa. Inda aka rufe maki, lambar da ke kan takarda tana shaida abin da yaro ya iya a ranar da ya miƙa aikin. Inda aka ba da damar gyara, tana shaida abin da ya iya bayan an nuna masa kuskurensa. Jarrabawar ƙarshen zango da ta WAEC ko NECO aikinsu shi ne na farkon, kuma babu mai hankalin da zai ce a mayar wa ɗalibi takardarsa ya gyara. Jinga da ƙananan gwaje-gwajen cikin zango kuwa wata manufa gare su. Lokacin da Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta shigo da tsarin auna ɗalibi a kai a kai, wanda malamai ke kira CA kuma yake ɗaukar maki 30 ko 40 cikin 100 a makarantu da yawa, an yi hakan ne don kada makomar yaro ta rataya a kan zama ɗaya, kuma don malami ya gano rauni tun da sauran lokacin magance shi. Idan muka mayar da kowace jinga ƙaramar jarrabawar ƙarshe, mun riƙe sunan tsarin mun yar da dalilinsa.

Inda hanyoyin suka fi nisa da juna shi ne abin da ke faruwa da gyaran malami. Duk wanda ya taɓa raba littattafan da ya duba ya san yadda abin yake: ɗalibi ya buɗe, ya dubi maki, ya leƙa na maƙwabcinsa, ya rufe. Bayanin da kika ɓata dare kina rubutawa a gefen shafi, cewa sakin layi na biyu bai haɗu da na farko ba ko kuma hujjar ba ta da misali, ba ya samun mai karantawa, domin karanta shi ba zai sauya komai ba. Wata mai bincike, Ruth Butler, ta gwada wannan a Isra'ila a aikin da ta wallafa a 1988, inda aka ba wasu yara maki kaɗai, wasu bayani kaɗai, wasu kuma maki da bayani tare. Waɗanda aka ba bayani kaɗai su ne aikinsu ya inganta, waɗanda aka haɗa wa biyun kuwa ba su fi masu maki kaɗai ba, wato lambar ta danne bayanin. Damar gyara ita ce ke sa bayanin malami ya zama abin da ɗalibi yake buƙata, tunda da shi zai yi aiki gobe.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin a makarantar allo ba a ba almajiri izinin wanke allonsa a yi masa ƙari sai ya biya karatunsa daidai a gaban malam, ko sau nawa zai koma ya dawo. A ilimin zamani ma Benjamin Bloom na Jami'ar Shikago ya kawo irin wannan tsari a 1968: a koyar da yanki ɗaya na darasi, a yi ɗan gwaji, a gyara wa kowa inda ya gaza, sannan a sake gwada shi da wasu tambayoyi masu kama da na farko kafin a ci gaba.

Sai dai hujjar abokan aikinki tana da nauyi, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Rufe maki yana koya wa yaro ya zage damtse tun karon farko, kuma kowa an auna shi da mudu ɗaya. Idan ɗalibai suka san ƙofa a buɗe take kullum, wasu za su miƙa aikin ganin dama, su jira ki nuna musu kurakurai, ya zama ke ce kika yi musu tunanin. Wasu kuma za su ari littafin wanda ya ci maki mai yawa su kwafe, su kira shi gyara. Ingila ta ga irin wannan a babban mataki, domin a da ana rarraba jarrabawar GCSE, wato tasu ta kammala sakandare, kashi-kashi, ɗalibi yana iya maimaita kashin da bai ci da kyau ba, har aka yi ta ƙorafin cewa shirin maimaici yana cinye lokacin koyarwa. A zamanin ministan ilimi Michael Gove, wanda ya riƙe muƙamin daga 2010 zuwa 2014, aka mayar da jarrabawar gaba ɗaya ƙarshen karatu. Abin lura shi ne abin da suka taƙaita maimaita jarrabawar shaidar kammalawa ne, wanda ya sha bamban da gyaran insha'i a cikin aji.

Game da adalci kuwa, ina ganin ɗalibar da ta samu 9 cikin 10 tun farko ba ta rasa komai ba don ɗan ajinsu ya tashi daga 4 zuwa 7 da guminsa. Za a tauye ta ne idan damar ta zama ta wasu zaɓaɓɓu, ko ta wanda ya iya roƙo, ko ta wanda mahaifinsa ya zo ofishin shugaban makaranta. Saboda haka dokar ta zama ɗaya, a sanar da ita a farkon zango, kuma mai 9 ɗin ma a bar ta ta nemi 10 idan tana so. Rufe maki ma yana da nasa rashin adalcin da ba a cika ambata ba, domin yaron da ke da yaya ko malamin gida mai duba masa aiki kafin ya miƙa ya riga ya samu damar gyaransa a gida, wanda ba shi da kowa ne kawai aka hana.

Babban abin da ke rinjayar da malamai zuwa hanya ta farko shi ne lokaci. Idan ajinki na da ɗalibai 80 kuma kowane insha'i yana cin minti 3, dubawa ɗaya awa 4 ce, sake dubawa kuma ƙarin nauyi ne a kan malamar da ke da wasu azuzuwan. Wannan ne ya sa ba na ba da shawarar a buɗe ƙofar ga kowane aiki. Ki zaɓi manyan ayyuka ɗaya ko biyu a zango, irin waɗanda tunanin ɗalibi ke bayyana a cikinsu, kamar insha'i, ko lissafi mai matakai ga masu koyar da shi. Tambayoyin zaɓi amsa ba su cancanci gyara ba, tunda wanda aka gaya wa cewa zaɓinsa kuskure ne zai iya canka daidai ba tare da ya fahimci komai ba. A irin wannan sai dai a ba shi sabuwar tambaya.

Yadda za a lissafa makin ma yana sauya halin ɗalibai. A ce yaro ya samu 4 da farko, gyaransa kuma ya kai 8. Idan kika ba shi 8 ɗin cak, kin bayyana abin da ya iya yanzu, amma kin rage wa karon farko daraja. Idan kika raba tsakani ya tashi da 6, ƙoƙarin farko yana nan da tasirinsa, kuma wannan ne na fi so ga 'yan sakandare, domin yana toshe kafar masu aikin ganin dama. Mafi kyau ma shi ne a karon farko ki riƙe makin a littafinki, ki mayar da aikin da bayani kaɗai, ki taƙaita shi ga abubuwa biyu ko uku mafiya muhimmanci, kuma ki nuna wurin matsalar ba tare da kin rubuta masa amsar ba. Ki ba da mako ɗaya, dama ɗaya tak, kuma wanda bai miƙa aikin farko a kan lokaci ba babu gyara gare shi sai da uzuri karɓaɓɓe. Ya dawo da tsohon aikin haɗe da sabon, ya ja layi a ƙarƙashin wuraren da ya sauya, ya rubuta jimla biyu yana bayyana abin da ya gyara da dalilinsa. Da haka idonki zai tafi kai tsaye inda aka taɓa, wanda ya kwafa kuma zai kasa bayyana dalilin gyaran da ba nasa ba. Kafin ki fara, ki sanar da shugaban sashenku a rubuce, domin makin CA yana shiga sakamakon da iyaye za su gani, kuma zai fi kyau a ce duk masu koyar da darasin a wannan aji suna bin ƙa'ida ɗaya.