Fentin da ya mayar min da siminti katako, da abin da damina ta yi masa

Tun ranar da na ɗora hoton falona a WhatsApp mata ke ta turo min saƙo, kowacce da magana ɗaya: "Don Allah lambar mai fentin nan." A farko ina bayarwa da murnata, har da ƙarin yabo. Yanzu na daina, kuma maimakon in yi ta bai wa kowa haƙuri ɗaya bayan ɗaya, na ga gara in zauna in rubuta abin da ya faru, wadda ta karanta ta yanke wa kanta hukunci.

Ledar ɗaki ce ta ishe ni. Shekara ba ta cika sai ta yage a bakin ƙofa, ƙafar kujera ta huda ta, ruwa ya shige ƙarƙashi ya riƙa wari. Maigidana tayil yake so, amma kun san yadda kuɗinsa ya koma, ga kuɗin siminti, ga na mai aiki. Katako na gaske kuwa ban ko sa shi a lissafi ba, don garar unguwarmu ko ƙyauren kicin ba ta bari ba. Ana cikin haka na ga bidiyon wani yana fenta daɓen siminti har ya koma kamar an shimfiɗa falankin katako. Na kalla ya fi sau goma. Da na kwashi adashina na ce wa Abban yara wannan karon ya bar min falo, ni zan yi. Ya ce, "To, kuɗinki ne, Allah ya sa a dace."

Wata maƙwabciya ce ta haɗa ni da mai fentin. Ya zo cikin watan Janairu, hunturu na tsakiyar kaɗawa. Ya zagaya falon, ƙafa 12 ne da ƙafa 16, ya buga ƙasa da dunduniya, ya ce a fara kiran birkila ya toshe tsagar da ke tsakiya da ramin bakin ƙofa. Aka toshe. Kwana 9 bayan haka ya dawo da kayansa daga kasuwar Ƙofar Ruwa da ke nan Kano: galan-galan na fenti, tina, rola, salatif ɗin takarda, da wata 'yar roba da ya naɗe cikin tsumma kamar abin gado.

Gaskiya ɗaya ce, kuma ba zan tauye masa ita ba: mutumin nan yana da hannu. Ranar farko ya share, ya goge, ya shafa fenti mai haske, launin shayi da madara. Da ya bushe ya ja igiya ya raba ƙasan layi-layi, faɗin kowanne inci 6, ya yanka su ƙafa huɗu-huɗu, bai bar mahaɗar wani ta yi daidai da ta maƙwabcinsa ba, kamar dai yadda ake jera bulo. Sai ya dama fenti ruwan makuba, ya tsinka shi da tina, ya shafa a kan layi ɗaya kaɗai. Nan ya warware robar nan. Lanƙwasasshiya ce kamar ɓarin gora, bayanta duk zane-zanen da'ira. Ya ɗora ta a kan ɗanyen fentin, ya jawo ta zuwa gabansa yana ɗan kaɗa wuyan hannu, gaba, baya, a hankali. Ina tsaye a bakin ƙofa na ga jijiyar itace tana fitowa daga ƙarƙashin hannunsa. Duk inda ya ɗan jinkirta ya mirgina robar, sai ido ya fito, irin wanda ake gani a inda reshe ya taɓa tsirowa. In layi bai yi masa ba, ya shafe da buroshi ya sake. Wani ya yi masa duhu, wani ya bar shi da haske, don kada su zama iri ɗaya. Wallahi na manta da girki na ɗora, sai da ƙaurin shinkafa ya iso falo.

Kwana biyar ya yi, na ƙarshe ya bi da man sheƙi sau biyu. Mun toshe tagogi da jiƙaƙƙen zani saboda ƙura, duk da haka ta sami hanya. Har yau in ka shafa wajen taga za ka ji ɗan gautsi-gautsi kamar an barbaɗa gari. Warin tina kuwa sai da ya kore mu zuwa ɗakin baya mako guda, ƙaramar 'yata ta yi ta tari. Duk na shanye, domin abin da idona ke gani ya biya ni.

Ranar da Inna, mahaifiyar maigidana, ta zo daga ƙauye, ta tsaya a bakin falo ta ƙi shiga. Ta sunkuya ta ƙwanƙwasa ƙasan da ɗan yatsa, ta ɗago ta dube ni. "'Yar nan, maɗaci kuka shimfiɗa a ƙasa? Ba kwa tsoron gara?" Na ce, "Inna, siminti ne, fenti aka yi masa." Ba ta yarda ba sai da ta kai hannu lungun bango ta ji sanyinsa. Ranar na kwana da farin ciki. Da a wannan makon na rubuta sharhin nan, da cewa zan yi kowa ta sayar da ledarta ta kira mai fenti.

Wata bakwai muka yi lafiya lau. Shara ba wuya, tsumma mai ɗan danshi ya wadatar, a zafin Afrilu yara a kai suke kwanciya. Abu ɗaya na lura da shi tun watan Maris: wurin da birkila ya toshe a bakin ƙofa ya dusashe, ya yi fari-fari kamar an zuba gishiri. Na ɗauka takun ƙafa ne, na sa ɗan kafet a kai.

Sai Agusta ta shigo. Duk wanda ke Kano ya san ruwan Agusta, yau a yi, gobe a yi, ƙasa ba ta samun sararin shan iska. Wata safiya na ɗaga dardumar roba da ke gaban doguwar kujera zan share, sai na ga ƙasan ya yi bororo. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, sun fi talatin, wasu kamar ƙwayar wake, wasu sun kai tafin hannun jariri. Na durƙusa na danna ɗaya da babban yatsa. Ya yi laushi, ya fashe, wani ruwa mai yauƙi ya fito, launin ruwan shayi, yana santsi a hannu kamar sabulu. Na kama bakin wurin na ja kaɗan, sai fentin ya biyo hannuna, zane da ido da sheƙi gaba ɗaya, ya saluɓe kamar fatar dafaffen tumatir. A ƙarƙashi ga simintina nan baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf. Na zauna a wurin riƙe da ɓallen "katakon" a hannu, na kasa ko kiran sunan kowa. Adashin wata goma ne a tafin hannuna. Kafin mako ya zagayo, bororon ya bi gindin bangon gabas tun daga wannan kusurwa har waccan.

Na kira shi. Sai a kira na huɗu ya ɗauka. Na yi masa bayani, ko gama maganata ban yi ba ya ce, "Hajiya, ai ruwa kike kwarara masa. Wannan aikin ba ya son wanki." Na ce, "Malam, wurin da ya fi lalacewa ƙarƙashin darduma yake, ko tsumma ba ya kai wa can." Ya ce zai zo ranar Asabar. Asabar shida ke nan. Lalacewar fentin ta yi min ciwo, amma ɗora min laifin da ya yi ya fi ta ciwo, don kwana biyu na yi ina tuhumar kaina da yarana, har na yi wa babbar faɗa a kan butar alwala da ba ta zubar ba.

Yayana ne ya raba gardama. Aikin gini ya karanta, kuma shi yake yi. Da ya zo bai ce komai ba, ya kankare wani wuri har siminti, ya yanko farar leda mai kauri, inci 18 kowane gefe, ya shimfiɗa, ya manne bakinta huɗu da salatif ruf. Ya ce kada a taɓa sai gobe war haka. Da muka ɗaga bayan awa 24, cikin ledar ya yi gumi, ɗigo-ɗigo kamar murfin tukunya, simintin da ke ƙarƙashi ya yi duhu. Ya ce, "Kin gani? Ruwan daga ƙasa yake tasowa, ba daga bokitinki ba."

Ya zaunar da ni ya warware min. Siminti ko ya shekara ashirin yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, yana tsotsar laima daga ƙasa kamar yadda tulu ke tsatsafa. Shi ya sa ake shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba kankaren daɓe, kuma gidaje da yawa irin namu na da ba a sa musu ba. Da can laimar tana fita ta bi iska ba mu sani ba. Da aka rufe ta da fenti da man sheƙi, na kuma ɗora dardumar roba, sai ta rasa mafita ta ɗaga fentin. Ya ɗauki ragowar galan ɗin da mai fentin ya bari a sito, ya karanta, ya girgiza kai. Fentin mai ne na ƙofa da taga. Ya ce siminti yana da kaifi irin na toka, in ya haɗu da laima sai ya narkar da man da ke cikin irin wannan fenti ya mayar da shi sabulu, kuma santsin da na ji a yatsana ke nan. Ga shi ba a gurza ƙasan ba. Birkilolinmu suna barbaɗa busasshen siminti su murje da cokali har ya yi sumul, fenti kuwa ba ya kama sumul, sai an bi da injin gurza an buɗe fuskar simintin, an sa fentin share fage wanda aka yi don daɓe. Facin bakin ƙofa kuma, sabon siminti ana ba shi aƙalla kwana 28 kafin fenti ya hau shi. Namu kwana 9 ya samu.

Na tambaye shi, da fentin efoksi aka yi fa, wanda ake haɗa gwangwani biyu? Ya ce ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, amma shi ma in laima na tasowa daga ƙasa yana yin bororo, kuma inda rana ke bugunsa yakan koma rawaya-rawaya. Gwajin ledar nan dai shi ne farko, kuma a damina ya fi faɗin gaskiya, don a Janairu daɓe mai laima ma yana iya nuna kansa a bushe.

Da na ji haka sai zuciyata ta ɗan yi sanyi a kan mai fentin. Ba shi ya gina gidan ba, ba shi ya hana sa leda a ƙarƙashi ba. Kuma tsakiyar falon, inda iska ke bugawa, har yanzu yana nan da kyansa, baƙo ya shigo sai ya yaba kafin idonsa ya kai gindin bango. Na ma fara cewa a raina watakila shi ma bai sani ba.

Amma da na sake tunani sai abin ya dawo min sabo. In bai sani ba, me ya sa da na tambaye shi tun ranar farko ko fentin zai jure damina ya dafa ƙirji ya ce shekara biyar ba abin da zai same shi? Shi ya ce a kira birkila, shi ya zaɓi ranar dawowa. Kuɗin fentin daɓe na ba shi, na ƙofa ya sayo. Leda da salatif nawa suke, da zai kasa gwadawa kwana ɗaya? Ga ƙafafun kujera da suka fara zana farin layi tun wata na biyu, bai taɓa ce min in sa musu ɗan ƙyalle a ƙasa ba, sai da na gano da kaina. Kuma mata uku ne suka karɓi lambarsa daga hannuna. Ɗaya ta riga ta yi nata a ɗakin amaryar ɗanta. Na kira ta na faɗa mata komai, na roƙe ta ta ɗage duk wata shimfiɗar roba, na ba ta haƙuri. Wannan kiran ya yi min nauyi ƙwarai.

Da Inna ta dawo ta ga wurin, ta daɗe tana kallo. Ta ce su a zamaninsu mata ke taruwa su yi daɓe da tsakuwa da maɗaɓi, ana waƙa, a yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, ƙasa ta yi ja ta yi ƙarfi, kuma ba ta taɓa ganin daɓe ya yi ƙurji ba. Yayana ya ce ai wancan yana numfashi ne, Inna. Ta ce, "To, ku ma ku nemi mai numfashin."

Shawarar da muka tsaya a kai ke nan. Za mu bari sai rani ya kama sosai, a kankare gefen gabas duka, a gurza, a gyara magudanar da ke bayan bangon don ruwan indararo ya daina kwanciya a gindinsa. Yaya ya ce a sa fentin ruwa wanda aka yi musamman don daɓe, mai barin laima ta fita, ko da sheƙinsa bai kai na da ba. Zanen katakon ina son abina, kuma zan sake, har robar na sa an nemo min ina koyo a kan kwali. Wanda zai riƙe ta a falona ne ban samu ba tukuna. Duk mai fentin da ya zo yanzu, tambayata ta farko ita ce me zai yi kafin ya buɗe galan. Biyu sun zo, dukansu sun ce shara.

Jiya da daddare na sake manna leda a kusurwar gabas. Da safen nan na ɗaga, har yanzu tana gumi.